Gatarin Kurege a Jikin Wayar Kamfani

Kwanakin baya jikana ya ɗauke ni a mota za mu asibiti, muka bi ta Bompai, sai cunkoso ya tsayar da mu daidai wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Ni dai har yau ban fahimci wannan sana'a ba, a ce mutum ya zuba ƙasa a baƙar leda ya dasa ciyawa, wani kuma ya tsaya da mota ya saya. Ina cikin wannan tsegumi a raina sai idona ya faɗa kan wani tsiro da aka kafa wa sanda yana hawa, furensa ja da ruwan ɗorawa, ya sunkuyar da kai ƙasa ya ɗaga fukafukai sama. Na kira yaron da ke ba su ruwa, na ce, "Samari, wannan mene ne sunansa?" Ya dube ni, ya dubi tsiron, ya ce, "Fulawa ce, Baba. Daga waje ake kawo irinta." Na ce to, Allah ya ba da kasuwa. Ban yi masa gardama ba, don ba laifinsa ba ne, kuma hanya ta buɗe ana ta danna mana hon. Amma har likita ya gama danne-dannensa hankalina bai dawo jikina ba. Daga waje! Gatarin kurege ne fa, wanda ya riga kakan kakan yaron nan zama a ƙasar Kano.

A wani ɗan ƙauye aka haife ni, a gefen kogin Challawa. Ba sai na faɗi sunansa ba, don ko na faɗa babu inda za a je a same shi. Gidajenmu ba su da yawa, duk dangin juna ne, in tuwon wani gida ya ƙone kowa sai ya ji ƙauri. Abin da ke tashinmu da safe sautin daka ne, da kukan kurciya a kan kanya, da ƙarar guga tana dukan bangon rijiya. Bayan gonaki akwai kurmi, ba irin mai duhun nan na kudu ba, marke ne da geza da tsamiya da ɗinya, da rani ka hango mutum daga wannan gefe zuwa wancan, in ruwa ya sauka igiyoyin daji su taso su rufe komai. Mu yara aikinmu kiwon awaki da ɗebo itace da tsinko yaɗiya a kai wa mata su yi kwaɗo. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce yau za a koyi sunayen tsirrai. Kana tafe bayan babba, ka kai hannu, ya ce "bari", ko ya ce "tsinko", shi ke nan ka koya. Yaran yanzu sun san sunan kowace waya da kowane ɗan ƙwallo na ƙasar da ba za su taɓa zuwa ba, amma tsiron da ke ƙofar gidansu sunansa ciyawa. Ba zan cika baki ba, ni ma a lokacin hankalina yana kan danƙo da tsuntsaye.

Ni ne auta. Inna ta rasu ban daɗe da yaye ba, don haka ban san fuskarta ba, kuma babu hoto, wa yake hoto a ƙauyenmu? Abin da na sani nata shi ne wurin da take kwance. 'Yar maƙabartarmu tana bakin kurmi, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Ba irin ta yanzu ba ce da ake kafa allon ƙarfe da suna; fasasshiyar tukunya ce kawai, da ƙayar da ake jibgawa a kai saboda kura. Shekara kaɗan tukunya ta nutse, ƙaya ta ruɓe, kabari ya koma daidai da ƙasa, tsofaffi su riƙa cewa "wajen nan ne". Na Inna ne kaɗai bai ɓata ba. Daminar da ta biyo bayan rasuwarta wani tsiro ya fito daga wajen kanta, ya bi ƙayar nan ya hau, ya yi jan fure. Gatarin kurege ne, ba wanda ya shuka shi. Baba ya ce da ma saiwarsa tana wurin, masu haƙa sun gan ta sun ture ta gefe. Irinsa a can cikin kurmi yake, a bakin maƙabarta kuwa shi kaɗai ne. Da rani ya bushe ya ɓace, ruwa na sauka ya dawo a gurbinsa. Hanyar gonarmu ta nan ta bi. Kullum Baba zai tsaya, ya sauke fartanya daga kafaɗa, ya yi sallama, ya yi addu'a a taƙaice, ya wuce. Bai ƙara aure ba, duk da surutun 'yan'uwansa. Ni kuwa in yana tsaye ina can ina leƙen sheƙa a kan tsamiya. Abu ɗaya ya taɓa gaya mini game da tsiron: "Auta, ko da wasa kada ka tone shi ka kai baki. Dafi ne."

Zamanin da aka bar fam da sule aka koma naira na shigo birni neman aiki. Bompai ce take tashe a lokacin. Da sassafe titi ya cika da kekuna kamar an buɗe akurki, masu shayi da masu ƙosai sun jera a bakin kowane get, ga mutanen Kano, ga na kudancin Kaduna, ga na Filato, duk Hausa ɗaya ta haɗa mu. Na samu a masaƙa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba bai san ƙara ba: ka wuni kana yi wa na kusa da kai magana da hannu, ka fito kunnenka yana ta saƙa shi kaɗai har ka kwanta. Jiniya ce ta maye mana gurbin daka da kurciya, ita ke cewa shiga, ita ke cewa fita. Ɗakina yana wajen Hotoro, lokacin da Hotoro take gonaki da 'yan gidaje jefi-jefi, kuma a nan na fara sanin cewa mutum yana iya wuni cikin taron jama'a ya koma ɗaki bai furta komai ba sai karatun salla. Ranar da zan taho Baba ya ce mini, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai. Yau in ka bi titunan nan, kamfanoni da yawa an garƙame su, ciyawa ta fasa siminti, jiniyar da muke tsinewa ta yi shiru, kuma wallahi wani lokaci nakan so in sake jin ta.

Ina can labari ya iske ni cewa an yanki ƙasarmu za a yi sabuwar unguwar masana'antu. Kafin in samu hutu in je, katafila ta riga ni. Na tsaya a inda nake zaton ƙofar gidanmu ce, ban ga ko kututturen kanya ba, sai fili fetal da turakun siminti. Dattawa sun roƙa kada a yi gini a kan maƙabarta, an kuma amsa musu, aka bar ta a cikin wani dogon siririn fili a bayan ɗaya daga cikin kamfanonin, tsakanin bangon baya da wayar shinge. Ba a yi ginin ba, gaskiya ne. Amma an baje wurin tas, har tsamiyar, don masu aikin ba su ga komai ba sai daji. Dangi suka watse. Yayyena maza kowa ya kama gabansa, mata kowacce tana gidan mijinta. Baba ya faɗo hannuna, a daidai lokacin da yanar ido ta gama rufe masa gani. Na kama ɗaki a Na'ibawa muka zauna mu biyu. Da safe in ɗebo ruwa, in cika masa buta, in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, in bar wa matar mai gida sallahun tuwonsa. Da yamma in same shi inda na bar shi, fuskarsa wajen titin Zariya, yana sauraren manyan motoci. Mutumin da ya saba duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya gaishe shi, ga shi a unguwar da ake ce masa "makahon nan".

Wata rana bayan la'asar ya ce, "Auta, wurin innarku, ka san inda ya faɗa?" Na ce na san kamfanin, na fata ne, amma filin bayan dogo ne, babu alamar komai. Ya ce, "Gatarin kurege ba ya ƙaura. In dai ba su tone shi ba, zai fito. Ka nemo mini shi. Ina so in tsaya a kanta sau ɗaya kafin a kira ni." Limamin unguwa da ya ji zancen ya ce masa addu'a tana isa ga mamaci daga ko'ina. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, na sani. Ƙafata ce ba ta sani ba." A lokacin na baro masaƙa ina wani kamfanin robobi a Sharada, aiki mai tsabta. Na ajiye shi na nemi na fatar nan a Challawa. Abokai suka ce na haukace, wa yake barin roba ya tafi wari? Gaskiyarsu. Wuni muke cikin takalman roba muna jan jiƙaƙƙun fatu daga ruwan magani, hannu ya tsage, wari ya kama jiki har mai shayi ya san ka iso kafin ka yi sallama. Amma ba a shiga bayan kamfani sai da katin aiki, ni kuma abin da nake so ke nan.

Sai ga shi tsiron da na girma ina wucewa kullum, furensa kawai na sani, furen ma ja kawai na sani. Farkon damina kuwa babu fure, sai kore iri-iri yana hawa waya. Lokacin hutun rana abokan aiki suna cin ɗanwake a inuwa, ni ina bayan bango ina tsinke-tsinke, in cusa a aljihu in kawo wa Baba. Tun ban fito da na farko ba ya ce, "Garahuni. Tun daga ƙofa na ji shi." Washegari na kawo wani. Ya murza ya ce, "Yaɗiya ce, Auta. Kai wa matar mai gida, ko ma samu kwaɗo." Na kawo wani mai gashi-gashi mai fitar da farin ruwa. "Fataka. Wannan ta majema ce, da ita ake cire gashin fata tun kafin a haifi injinanku." Dariya yake yi, wadda na daɗe ban ji ba, ni kuwa haushi ya ishe ni. Na ce, "Baba, ku gaya mini yadda yake mana, kun bar ni ina ta kwaso kayan miya."

Sai ya lalubo hannuna ya ce, "Kowane mai hawa da abin da yake kamawa. Yaɗiya da fataka da jikinsu suke naɗewa. Garahuni zare yake fitarwa daban. Shi kuwa da bakin ganyensa yake riƙewa. Ganyen dogo ne, mai santsi, a jikin kara yake manne, ƙarshensa ya sirance ya lanƙwashe, in ya samu abu ya damƙe." Ya naɗe ɗan yatsansa a kan nawa. "Haka, kamar jariri. Amma ganyen farko ba sa yi. Yana ƙarami sai ka rantse tsiron dawa ne ya fito a banza, sai ya kai gwiwa yake fara neman abin kamawa. Saiwar kuwa mai reshe biyu ce, ga ƙota ga ruwan gatari, shi ya sa aka ba kurege ita. Wasu baurera suke cewa."

To, a nan gizo ke saƙar, don ba a barin komai ya kai gwiwa a bayan kamfanin nan. Da ciyawa ta ɗan taso foman zai turo leburori da langalanga su kwantar da ita saboda macizai. Haka damina ta ƙare ban samu komai ba. Ranin da ya biyo baya ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Babu abin nema, tsiron yana ƙasa, Baba kuma yana ta raguwa. Tuwo ya ci loma kaɗan ya ture. Masallacin da yake zuwa da sanda ya koma sai na riƙe shi. Bai ƙara tambayata ba, kuma shirun ya fi tambayar ciwo. In na fita da keke da safe sai in riƙa jin tsoron dawowa. Ba ni da wanda zan gaya wa. Sa'o'ina zancensu aure ne da rediyo mai kaset, in ka ce musu kana neman ganye mai lanƙwasa sai su ce a nemo turun mahaukata.

Wanda ya lura da ni maigadi ne, wani tsohon soja mutumin Filato da kowa ke kira Sajan. Iyalinsa suna can gida, shi yana nan a ɗan ɗakin bakin get da risho da tukunya, sai Kirsimeti yake ganin su. Da ruwan farko ya sauka ya tarar da ni a bayan bango ina duba ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, tun bara nake ganin ka. Me ka jefar a nan?" Ban yi niyyar faɗa ba, amma bakina ya buɗe da kansa, na kwashe duka na gaya masa. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Mai jan furen nan da yake riƙe abu da bakin ganye? Akwai shi a wajenmu, a gindin duwatsu. Ashe a kan mutane nake zagaye ban sani ba." Ya je ya sami leburori ya ce su yanke ko'ina amma su bar jikin wayar baya. Foman ya zo da faɗa, yana maciji, maciji. Sajan ya ce, "Oga, wa yake zagaya bayan nan, ni ko kai? In maciji ya sara, ƙafata ce." Foman ya yi tsaki ya tafi, don ba wanda yake son doguwar magana da Sajan.

Da damina ta kankama na same shi. Siririn kara ne, ganye yana sheƙi, na sama ya miƙa baki ya naɗe a jikin waya. Na sa yatsa a ƙarƙashin wani da bai samu abin kamawa ba, lanƙwasar ta zauna a kai daidai. Na tsinki ganye ɗaya, ana busa jiniyar tashi na taka keke sai gida. Na sa wa Baba a tafin hannu. Ya bi shi da babban yatsa daga tushe, a hankali, har ya kai ƙarshe, ya tsaya a nan. Sannan ya ce, "Shi ne." Ya juya fuska wajen bango, ni kuma na ɗauki bokiti na tafi famfo, alhali randa a cike take. Da na dawo ya ce a bari ya yi fure tukuna, yana so ya same shi yadda ya saba samunsa. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. A kwanakin jiran nan ne ya fara ba ni labarin Inna, abin da bai taɓa yi ba: gajeriya ce, bahaguwa, in tana niƙa sai ta yi waƙa, in ta yi fushi sai ta kama shara. Ni da gemu ya fara fito mini, a lokacin na san uwata bahaguwa ce.

Sai aiki ya yi yawa a kamfani, aka janye mana hutun rana na 'yan makonni, ban leƙa baya ba. Ranar da na samu sarari Sajan ya tare ni tun daga get, fuskarsa ba daɗi. Ya ce, "Zo ka gani." Na zagaya bango na tsaya cik. Ja ne tun daga wannan kusurwa har waccan. Nan ɗaya, can wani, gaba kaɗan wasu a cunkushe, waɗansu sun buɗe kore-kore, waɗansu ruwan ɗorawa ya fara rinewa, waɗansu sun yi ja wur, duk sun sunkuyar da kai suna lilo a jikin waya. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya baƙanta mini rai haka ba. Ba sai an yi mini bayani ba. Shekara da shekaru saiwar tana 'ya'ya a wajen kan Inna, katafilar da ta baje wurin ta kankare saman ƙasa ta kwashe su ta watsa tsawon filin. Waɗanda ke kwance suna nan inda aka sa su, alamar ce ta tashi ta bazu. Wanda na fara gani bai fi sauran gaskiya ba, ya dai riga su kaiwa waya ne.

Sajan ya ce, "Ka kai shi wajen ɗaya ka yi shiru. Ba ya gani. Allah ba zai kama ka ba." Na san don tausayi ya faɗa. Na ce, "Sajan, ba ka san hannun Baba ba. Kuma ko shi bai gane ba, ni zan sani." Ya ce, "To, ku zo ran Lahadi, injin ba ya aiki. Zan dawo daga coci da wuri."

Ran Lahadi da hantsi Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, na ɗora shi a kariyar keke, ya riƙe ƙuguna, muka kama hanya a hankali. Bai fi nauyin ƙunshin itace ba. Wannan ce fitarsa ta ƙarshe, ban da wadda aka yi da shi a makara bayan girbi. Duk hanya ina shirya maganar a raina tana rushewa. Sajan ya buɗe mana ƙaramar ƙofa da kayan cocinsa a jiki, ya rusuna ya gaishe da Baba, ya biyo mu da benci. Kamfani shiru, sai ruwan kwata yana gudu. Na kai hannun Baba kan furen farko. Ya shafa gefensa mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya taɓa 'yan zaren da ke ƙasa, fuskarsa ta saki. Ya fara gyara tsayuwa. Na ce, "Baba, ku dakata." Na gaya masa.

Ya tambayi gabas, na juya shi. Ya tambayi wajen kogi, na sake juya shi. Ya ɗaga fuska yana saurare, yana shaƙar iska, ya ɗan taka gaba, ya dawo. Tsamiyar da zai auna da ita babu, hanyar gona babu, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ma ba wadda ya sani ba ce. Na ga lokacin da ya haƙura, kafaɗunsa ne suka sauka. Na ce a raina shi ke nan, na kashe tsohon nan da gaskiyata.

Can sai ya ce, "Suna da yawa?"

Na ce, "Da yawa, Baba."

"Rana fa?"

"Da sauranta."

Ya miƙo mini kan sandarsa. "To, mu fara daga farko. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Haka muka bi wayar nan. In kai hannunsa, ya lalubi bakin ganye ya tabbatar, ya saki, ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, ya yi addu'arsa, mu matsa. Wani wuri dab da juna suke, amma sai ya sake daga farko bai rage harafi ba. Rana ta take, gumi ya jiƙa farar rigar, Sajan yana biye da benci yana cewa Baba a huta, shi kuwa ko juyowa bai yi ba. Da muka kai kusurwar ƙarshe ya zauna, ya sha ruwan da Sajan ya miƙo masa, numfashinsa ya daɗe bai daidaita ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ko a ina take, na tsaya a kanta."

Sannan ya juyo da fuskarsa wajena, daidai. "Kai fa? Ban ji bakinka ba."

Na ce, "Ina ta amin a zuci, Baba."

Ya ce, "Amin ta kowa ce. Ta tafi ta bar ka ba ka daɗe da yaye ba, muryarka da ta sani ta kuka ce. Wannan ta gardi ba ta san ta ba. Koma ka gaya mata ko kai wane ne."

Na bar su su biyu a kan benci na koma farkon waya ni kaɗai. Filin ya yi mini tsawo fiye da ɗazu. Na tsaya gaban na farko, ƙato da ni, hannu duk tsaga, ina warin fata, ban san yadda ake yi wa uwa magana ba don ban taɓa yi ba. Na yi sallama. Na ce, "Inna, ni ne Auta." Muryar ta fito wani iri, har na waiwaya ko an ji. Ba kowa. Na matsa wajen na gaba, na sake faɗa.